Hannun da ba na gaisuwa ba

Galmi gari ne na jihar Tawa, a kan hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. An san shi da albasa. Idan kaka ta yi, manyan motoci sukan zo su yi lodi zuwa Gana.

Akwai wani yaro a garin, ɗan ajin farko na kwaleji. A shekarar ya fara koyon Ingilishi. Yana da ƙaramin ƙamus, kullum yana cikin aljihunsa. Da aka ba da hutu, sai babansa ya ce: «Zo mu tafi tasha, kai ne tafintana yau.»

Sun tarar da wani direba mutumin Kumasi yana fama da buhu, ya kasa ɗora shi a mota. Da ya ga yaron sai ya ce: «Give me a hand!»

Yaron ya san kalmomin duka: ba ni hannu. Sai ya yi murmushi, ya miƙa hannu don su gaisa. Buhu ya suɓuce, albasa ta watse a ƙasa. Mutane suka fashe da dariya. Kunya ta kama shi.

Wani tsoho ɗan dako ya taso ya taya su tsincewa. Ya ce: «Yaro, ni ban ji Ingilishi ba, amma na ga mutum da kaya sun rinjaye shi. Taimako yake nema.»

Yaron ya yi shiru. Ya tuna mu ma muna cewa an ci kasuwa, an sha iska, ba tare da an tauna ko an haɗiye kome ba. Ya tuna a Faransanci ma «un coup de main» taimako ne, ba mari ba.

Can an jima babansa ya fara ƙirga buhunan. Direba ya ɗaga tafinsa ya ce: «Hold on!» Ƙamus zai ce riƙe. Amma yaron bai taɓa aljihu ba. Ya dubi tafin, ya dubi fuskar direba, ya ga yana nuna wani buhu da aka tsallake.

Ya ce: «Baba, ya ce ka dakata. Akwai buhu guda da ba ka ƙirga ba.»

Aka sake ƙirgawa, kuɗin buhun ya shiga aljihun babansa. Da za su rabu, direba ya miƙo hannu. Wannan karon na gaisuwa ne.