Daga Hubbare Zuwa Bakin Gulbi

'Yan uwa mata, a wannan wata ziyara ta kai mu birnin Sakkwato, muka sauka a Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bayan rasuwarsa a 1817. A nan kuma 'yarsa Nana Asma'u take kwance. Tun daga ƙofa muka cire takalma, muka bi ayarin masu ziyara, wasu daga ƙauyukan kusa, wasu tun daga Nijar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda wurin bai mutu ba bayan shekara fiye da 200. Jama'a ne suka riƙe shi. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar matan karkara da jajoji ke jagoranta. Suna zuwa ɗaukar karatu, su koma gida su koyar, ba tare da jiran albashi ba. Bayan rasuwarta 'yar uwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Kowace uwa ta nuna wa 'yarta hanya, shi ya sa sawu bai ɗauke ba.

Da yamma 'yata ta ce kifi take so, sai muka nufi Kwalkwalawa, bakin Gulbin Rima a kan hanyar jami'a. Muna ciniki wani dattijon masunci ya nuna mini ƙananan karfasa da tarwaɗa a faranti, ya ce, "Hajiya, a zamanin mahaifina irin waɗannan ruwa ake mayar da su."

Ya bayyana mana cewa idan damina ta yi nisa gulbi ya malala cikin fadama, kifi kan hau ya zuba ƙwai a cikin ciyawa. 'Ya'yan su girma a can, sai ruwa ya fara janyewa su gangaro. Madatsar Bakalori da aka kammala a 1978 ta rage wannan malala a Gulbin Sakkwato, daga baya kuma aka datse Rima a Goronyo. Ga masu kamu da raga mai ƙananan ido, ga masu zuba guba. 'Yata ta yi shiru. Ta shekara 12 tana cin kifi, ba wanda ya taɓa gaya mata yana da lokacin haihuwa.

A Amurka da Kanada akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke kai 'yan makaranta bakin kogi, su ga kifin salmon yana dawowa daga teku zuwa inda aka ƙyanƙyashe shi. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. A Argungu, can ƙasa da Sakkwato, ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa na cikin masu tsaron wannan doka. Bikin ya soma a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

To, me zai hana ƙungiyoyinmu na mata da makarantun Islamiyya su ɗauki wannan aiki? Ranar da aka kai yara Hubbare, a ƙarasa da su bakin gulbi, masunci ya yi musu bayani. Mu kuma a kasuwa mu daina sayen 'ya'yan kifi don arha. Idan muka ƙi saye, masunci zai daina kamawa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.