DAGA KAN DUTSI ZUWA CIKIN DALLOL: MU SAN DUWATSUN AREWA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu zaga ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri har gaba. Ƙasa za mu duba, da duwatsun da muke takawa kullum.

Garin Dogon Dutsi yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Ƙwanni, wajen kilomita 270 daga Yamai. Baƙon da ya iso, abin da zai fara gani shi ne duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an yanke su da wuƙa. Su suka ba garin suna. Dutsin da ya fi suna a Arewa kuwa shi ne Tunguma na kusa da Lugu, wanda ake kai wa ƙara tun zamanin kakanni. Amma yau maganarmu ta sauran duwatsu ce.

Kowane dutsi yana da suna, yana da hali, yana da wurin zama. Wanda ya san ukun nan, ba a cutarsa a ciniki, kuma ba ya ɓata ƙarfinsa wajen haƙar ramin banza.

YADDA AKE GWADA DUTSI

Launi kaɗai bai isa ba. Ga gwaji biyar da kowa zai iya yi a gida:

1. Tauri. Ka karce dutsin da akaifa, sannan da wuƙa, sannan ka ga ko shi yana karce kwalba. A shekarar 1812 wani masani Bajamushe mai suna Mos ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu. Akaifa tana wajen 2 da rabi, wuƙa da kwalba wajen 5 da rabi, lu'ulu'u shi ne 10.

2. Zane. Ka goga dutsin a bakin fasasshen tangaran. Launin garin da ya bari ya fi launin bayansa faɗin gaskiya.

3. Nauyi. Ka riƙe shi a hannu ɗaya, ka riƙe wani dutsi mai girmansa a ɗayan.

4. Fashewa. Ka buga shi da guduma. Ya tarwatse ne, ya ɓare falle-falle, ko ya lotse?

5. Tsami. Ka kankare garinsa, ka ɗiga ruwan lemun tsami. Ka duba ko ya yi kumfa.

BISA DUTSI: MARMARA DA TAMA

Mu fara daga sama. Kan dutsin fili ne mai tauri, ja mai duhu, cike da ramuka da tsakuwa. Wannan ita ce marmara. A zamanin da ruwan sama ya fi na yau yawa, ruwa ya wanke ƙasar, ya bar tsatsar ƙarfe ta daskare. Ita ce hular da ke kare dutsin. Da can duk waɗannan duwatsu fili ɗaya ne. Ruwa ya cinye inda hular ta fashe, ya bar inda take da ƙarfi.

Ruwa ba ya shiga marmara, sai ya gangara da gudu, ya yanka korama, ya kwaso rairayi ya zuba cikin gonaki da gari. Maganin yana nan wurin: a tara duwatsun, a jera su a gicciye bisa gangare, a yi rabin wata. Ruwa ya tsaya, ƙasa ta sha. Da marmara kuma ake cika hanya da harsashin ɗaki.

Cikinta ake samun tama. Ta fi sauran nauyi a hannu. Zanenta ja ne kamar jini, ko rawaya mai duhu kamar tsatsa. Wata tana da ƙananan ƙwayoyi manne da juna kamar gero; irinta tana da yawa a Sayi da ƙasar Adar. Mayen ƙarfe ba ya kama ta ɗanya, amma in ka gasa ta cikin garwashin gawayi, garinta zai manne masa. Da ita maƙeran da suka yi hauya da gatari kafin ƙarfen mota ya zo. In ka ga tarin baƙaƙen duwatsu masu ƙofofi, kamar abin da ya narke ya daskare, kashin maƙera ne. A nan aka taɓa dafa tama.

GEFEN DUTSI: FARARE BIYU

Mu sauko. Ƙarƙashin hular akwai dutsin rairayi, ja ko rawaya. In ka murza shi, sai ya zube tsakanin yatsu. A wasu wurare za ka ga farar ƙasa. Akaifa tana karce ta, tana da santsi, tana manne wa harshe, kuma ba ta kumfa da tsami. Ta shafe ɗaki ce.

Akwai wani farin dutsi da ake rikita su, wato dutsin sumunti. Akaifa ba ta cinsa, wuƙa tana ci, kuma garinsa yana kumfa da lemun tsami. Wurin zamansa gabas da mu ne, a Malbaza, bayan Ƙwanni, inda masana'antar sumunti ta fara aiki a 1966. Cikinsa ana tsintar bawon halittun ruwa da ya zama dutsi, domin shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wurin.

CIKIN DALLOL: RAIRAYI DA YUMƁU

Yanzu mun iso Dallol Mawri. Tsohon kogi ne da ya ƙafe. Tsawonsa ya fi kilomita 300. Ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi, ya ratsa gundumar Tibiri, wadda aka cire daga ta Dogon Dutsi a 2011, ya faɗa kogin Kwara kusa da Gaya.

Ka ɗebi rairayinsa ka duba da rana. Yawancinsa garin ƙanƙara ne, farin dutsin nan da ake buga ƙyastu da shi. Taurinta 7 ne: tana karce kwalba, wuƙa ba ta cinta. Saboda taurin nan ne ta wanzu bayan sauran sun ruɓe.

Rairayi yana shan ruwa, yumɓu yana tare shi. Yumɓu shi ne wanda in ka jiƙa ka murza, yana yin igiya bai tsinke ba. Shi ya sa rijiyar cikin dallol gajera ce, ta bisa tudu kuwa tana cin guga mai dogon igiya. Mai haƙar rijiya ya lura: rairayi yana rufta wa mutum ba sallama. A sa zoben sumunti tun da wuri.

KUDU: GISHIRI DA KANWA

In muka wuce Kore Mai Ruwa da Geceme muka ci gaba kudu, za mu kai ƙasar Gaya, inda Dallol Foga ya haɗu da Dallol Mawri. A can ruwa yana dab da fuskar ƙasa. Rana tana jawo shi sama, ya bushe, ya bar farin ɓawo. Mutanen Bana da Bengu suna kankare ƙasar, su tace da ruwa, su dafa, ya zama gishirin Foga. Matafiyin nan Bajamushe, Bart, ya ga ana wannan aiki a 1853. Kanwa kuwa ta fi yawa a Dallol Boso, yamma da Doso.

Ga bambancinsu. Kanwa tana kumfa da tsami, tana da santsin sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Gishiri ba ya kumfa. Ga makiyayi dukansu abin lasar bisashe ne. Ga mai garka kuwa, farin ɓawon nan gargaɗi ne, domin yana ƙone shuka.

ZINARIYA FA?

Kama da wane ba ta wane. Abu biyu ke ruɗin mutane. Na farko, ƙananan falle masu ƙyalli cikin rairayi. Ba su da nauyi, akaifa tana ɓare su. Na biyu, wani dutsi mai ruwan zinariya da kusurwoyi. Wuƙa ba ta cinsa, guduma tana tarwatsa shi, zanensa baƙi ne. Zinariya ta gaskiya tana da nauyi ƙwarai, wuƙa tana yanka ta, tana lotsewa ba ta fashewa, zanenta rawaya ne.

Kuma tana da wurin zama: cikin jijiyoyin ƙanƙara na tsohon dutsi mai tauri. Irinsa yana fili a Liftako, yamma da kogi, inda aka buɗe mahaƙar Samira a 2004, da kudancin Maraɗi. Arewa kuwa tana bisa rairayi da laka da suka taru mita ɗaruruwa, tsohon dutsin yana can ƙasa da nisa. Wanda ya ce ka sayar da bijimi a haƙo zinariya a gonarka ta dallol, ka riƙe bijiminka.

Ko inda take, tana da haɗari. A watan Nuwamba 2021 rami ya rufta a ƙasar Ɗan Isa, jahar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu. A 2010, a Zamfara ta Najeriya, yara fiye da 400 suka mutu domin ana niƙa dutsin zinariya mai dalma a cikin gida. Kada a lasa dutsi mai nauyi mai ƙyallin ƙarfe, kada a daka shi inda yara suke.

Jama'a, ga aiki ga kowane ajin yaƙi da jahilci. Kowa ya kawo dutsi biyar. A gwada su, a rubuta sunan kowane, da wurin da aka tsince shi. Wanda ya gagare ku, a kai wa ma'aikatan ma'adinai a Doso kafin a kashe ko dala. Matambayi ba ya ɓata.