Darduma ta tashi, danƙo ya zauna

Jama'a masu karatu, ga labarin abin da ya same ni cikin ɗakina, ko wani ya tsira da nashi.

Shekarar 2005 na samu aikin koyarwa a wani ƙauye kusa da Tasawa. Na tara albashin wata biyu, na tahi Maradi na sawo darduma wadda ake ce ma mokat. Na sa aka liƙa ta bisa daɓen siminti da kwal, danƙon nan rawaya irin na masu gyaran takalma. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce: "Mushe, ɗakinka kamar biron kumandan!" Ni kuwa in ji daɗi.

Amma ƙasarmu ƙasar ƙura ce. Tsintsiya tana kwashe ta bisa, ta ciki tana nan. Bara ɗiyata ƙarama ta kama tari, ba ta kwana, ba mu kwana. Likita ya tambayi inda take kwanciya, na gaya mishi, ya ce in hidda dardumar. Yini guda na ɓamɓare ta. Nan na ga aiki: danƙo ya bi siminti layi-layi, soson bayan darduma yana manne da shi. Ko tabarma ba ta shimhiɗuwa daidai.

Wani maƙwabci ya ce isansi na narkar da shi. Na sawo litar 2 bakin hanya, na zuba, na ruhe taga don ƙura. Gaskiya danƙo ya yi laushi, amma kaina ya kama juyawa. Ina durƙushe sai ga uwargida tahe da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, wai za ta kori warin. Allah ya sa wani tsohon magini da ke gyara muna katanga ya gan ta. Ya daka tsawa: "Ɗiyata, tsaya nan! Koma da wutar nan!" Tsakaninta da ƙohwa bai hi taki biyar ba.

Da hankali ya kwanta, tsohon ya ce mini: "Malam, tururin isansi ya hi iska nauyi. Ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe har bakin ƙohwa. Garwashi guda ko ashana ya isa." Ya ƙara da cewa isansi na jan danƙo cikin siminti, gobe in ka shahwa penti ba ya kamawa da kyau. Na ce: "Baba, to ƙaƙa zan yi?"

Ga abin da ya koya mini. Mun buɗe taga da ƙohwa kwana 2, wari ya hita. Sannan na samu ƙarhe mai hwaɗin baki, irin wanda magina ke kankare bango da shi. Tun sassahe nake kankara, don da sanyi danƙo ya hi ɓalgacewa. Da rana ta ɗaga sai ya koma yauƙi. Abin da ya rage, in zuba mishi ruwan zahi da sabulun gari, in ruhe da tsohon buhu kamar minti 30, in sake kankara. Hwarin kwal da wuri yake sakewa, rawaya sai an maimaita. Daga ƙarshe in zuba rairayi mai danshi, in goge da dutse. Mitir guda bayan mitir guda, ba gaggawa.

Akwai wani gargaɗi. A tsohhin birori ana samun baƙin danƙo kamar kwalta ƙarƙashin shimhiɗa. Wani yana ɗauke da amiyant, abin da Faransa ta hana aiki da shi tun 1997. Ƙurarshi tana ɓata huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru da yawa yake bayyana. Irin wannan kada a gurza shi busasshe. Gara a ruhe shi da sabon daɓe.

Ɗakina mitir 4 bisa 4 ne, kwana 6 ya ci mini, hannuna duk ya yi kanta. Yau tabarmar kaba ce a ciki, kowace sahiya a hidda ta a kakkaɓe. Tarin yarinya ya yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Ƴan uwa, wanda zai shimhiɗa darduma, kada ya liƙa ta. Wanda ya riga ya liƙa, ya yi haƙuri da ƙarhe da ruwan zahi, ya bar isansi cikin babur. Allah ya kiyashe mu.