Kartun ɗin jirgin yaƙi na Japan, da labarin Kano da har yau ba mu zana ba

Yau ba saitin waya ko dabarar rage shan data na kawo maka ba. Wani fim zan ba ka labari, daga nan kuma in ba ka aiki.

Sunan fim ɗin The Wind Rises. Kartun ne na ƙasar Japan da ya fito a 2013, aikin Hayao Miyazaki na kamfanin Studio Ghibli. Labarin Jiro Horikoshi ne, yaron da ya so tuƙa jirgin sama amma raunin gani ya hana shi, sai ya koma ƙera jirgin. Mutum ne da aka yi da gaske: shi ya tsara jirgin yaƙin nan Zero, wanda Japan ta kai wa Amurka hari da shi a Pearl Harbor a 1941. Abin da ya riƙe ni a fim ɗin shi ne, Jiro kyan jirgi kawai yake nema, har lanƙwasar ƙayar kifi yake tsayawa kallo a kwanon abincinsa, amma abin da hannunsa ya ƙera ya ci rayuka. Ga mu masu son fasaha, wannan abin tsayawa ne a yi tunani. In za ka kalla da yara, fara dubawa kai kaɗai, don akwai shan taba da yawa a ciki.

To ga abin da ke damuna. Ka je wajen masu tura finafinai a Gyaɗi-Gyaɗi ko kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, za a cika maka memori da kartun na Japan da Amurka, da na Indiya fassarar Hausa. Amma ka tambayi yaron unguwarku ko Kano na da labarin jirgin yaƙi, sai ya yi maka kallon baƙo. Alhali muna da shi.

A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne farkon jiragen da suka sauka a Najeriya. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1940, hanyar tekun Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila. Sai aka koma loda jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena, su bi ta Sudan har Alƙahira. Jirage ƙirar Hurricane kan tashi rukuni-rukuni, babba ƙirar Blenheim na gaba yana nuna musu hanya. Dubban jirage suka bi wannan layi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ka ƙiyasta yaro ɗan shekara goma a gona yana ɗaga kai, jirage na keta hazon hunturu sun nufi gabas. Wallahi wannan fim ne guda.

Wannan yaron, in yana raye, ya haura casa'in yanzu. Shi ya sa nake ganin aikin na gaggawa ne, kuma wayar hannunka ta isa a fara.

Na farko, nemi dattijo ko dattijuwa a gidanku ko masallacin unguwa, ka nemi izini ka naɗi muryarsu. Kafin ka fara, danna alamar jirgin nan ta saman waya don kada kira ya katse ka. Kada ka ce "ba ni tarihi", tambayi ƙananan abubuwa: yaya ƙarar take, me mutane suka yi da suka gani, me iyaye ke faɗa. In ka gama, ɗora sautin a Google Drive, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta.

Na biyu, sauke manhajar FlipaClip daga Play Store. Da yatsa ake zane a ciki, shafi bayan shafi, kuma tana nuna maka inuwar zanen baya don ka san inda za ka matsar da jirgin. In ka saita zane 12 a daƙiƙa ɗaya, minti guda zai ci zane 720, don haka fara da daƙiƙa biyar, zane 60 ke nan.

Na uku, haɗa zanen da muryar dattijon a CapCut. Ƙarar inji kuwa kada ta dame ka. A fim ɗin Miyazaki ma da bakin mutane aka yi ƙarar jirage. Yaranmu masu tura motar langa-langa sun daɗe da ƙwarewa a wannan, kira biyu ka ba su waya.

Na farkon ba zai yi kyau ba, kuma ba komai, sannu ba ta hana zuwa. Zane ana iya gyara shi baɗi, amma muryar tsoho in ta tafi, ta tafi ke nan. Wanda ya gwada ya turo mana mu gani. Allah ya ba da sa'a.