Takardar da na kusa sa wa hannu

Mutane da dama suna tambayata yadda muka ƙare da masu motar da ta buge ni, shi ne na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani.

Ni tela ne, shagona yana Dilimi. Wata safiya cikin sanyin Disamba ina tsaye a bakin titin Bauchi Road ina jiran keke napep, sai motar raba kaya ta wani kamfani ta kauce hanya ta kwashe ni. Direban da bakinsa ya gaya wa 'yan sanda cewa birki ne, kuma ya sha kai ƙorafi wurin masu motar ba a gyara ba. Ƙafata ta dama ta karye wuri biyu, ita kuwa nake taka keken ɗinki da ita.

Kwana uku bayan haka manaja ya zo da dattawa biyu, da kuɗin magani a ambulan, da takarda cewa mun yafe. Direban yana gefe yana hawaye. Babanmu ya ce, "Ka sa hannu, ƙaddara ce, ba mu gaji shari'a ba." Wallahi har na karɓi biro. Maƙwabcinmu, wani tsohon ma'aikacin kotu, shi ya ce, "Alhaji, a bar yaron nan ya warware tukuna." Da suka tafi ya zaunar da mu.

Abin da ya faɗa ban taɓa ji ba. Ya ce hakkin ba a wuyan direba kaɗai yake ba, tunda a bakin aiki ya yi ɓarnar, doka tana kama mai motar. Kuma tilas kowace mota ta kasance da inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 ga motar gida, kuma ana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3. Ashe takardar da muke saya don kada a tare mu a hanya, amfaninta ke nan. Babanmu bai gamsu ba sai da limamin unguwarmu ya tuna masa cewa diyyar kuskure tana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma littattafan fiƙihu sun yi bayanin diyyar raunuka. Yafewa alheri ce, karɓa kuma ba zunubi ba ne.

Muka samu lauya, ya nemi rahoton 'yan sanda, da hoton ƙashi, da rahoton likita, da rasit. A nan na gane wautata. Sati biyu na farko wurin mai ɗori aka kai ni, sai da ƙafar ta kumbura muka koma asibiti. Mai ɗori ba ya ba da rasit, kuma lauyoyin ɗaya ɓangaren suka riƙe wannan gam, wai mu muka ƙara ɓata ƙafar. Sannan na ce wata bakwai ban yi ɗinki ba, har ɗinkin ƙaramar salla ya wuce ni. Aka ce ina shaidar abin da nake samu a wata? Ban taɓa ajiye littafi ba. Wannan kason kusan duka ya zube.

Lauyan ya kuma ja min kunne cewa ƙara tana da wa'adi, in ya wuce shi ke nan, in kuwa ma'aikacin gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aiki, wa'adin yana iya zama wata 3 kacal. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya gwada ofishin Legal Aid Council da ke nan Jos.

An shigar da ƙara, aka ɗage sau da dama, daga baya suka nemi sulhu. Abin da aka biya bai kai rabin abin da muka nema ba, amma ya ninka na ambulan ɗin nan sau da yawa. Da shi aka cire ƙarfen da ke ƙafata, na sayi keken lantarki da ƙaramin janareta.

Direban kuwa na yafe masa tun ina kwance. Har yau in ya biyo ta Dilimi yakan leƙo mu gaisa, ya tambayi ƙafa. Ina gaya masa da sauƙi, sai dai in sanyi ya sauko.