Tolkien da Lissafin Wata

A ƙarshen 1937 J. R. R. Tolkien ya fara rubuta The Lord of the Rings, bai kammala ba sai 1949. Ba ƙirƙirar dodanni ce ta cinye shekarun nan ba. Malamin jami'a ne a Oxford, ga koyarwa, ga duba jarrabawa, ga iyali, rubutu sai dare ya tsala. Da yaƙin duniya na biyu ya sa takarda ta yi wuya, har a bayan tsofaffin takardun jarrabawa ya riƙa rubutu.

Labarin ma ya taɓa cije masa kusan shekara guda, daidai inda jarumansa suka isa gaban kabarin wani mai suna Balin a wani wuri da ake kira Moria.

Sai kuma matsalar wata. Jarumansa sun rarrabu, kowa ya kama gabansa, a 1944 ya lura watan da wannan yake gani bai yi daidai da na wancan ba, alhali daren ɗaya ne. Da wuya mai karatu ya kula. Shi kam bai lamunta ba, ya koma yana gyara kwanakin tafiya, yana auna nisa a taswira.

Kuɗin mai buga tafireta ya fi ƙarfinsa, don haka da hannunsa ya buga littafin. Juzu'in farko ya fito a 1954.