Ƙayar Ƙurungu da Ƙaiƙayin Tafki

Mu mutanen Kamarawa ba mu san teku ba sai a labari. Ruwanmu shi ne na Bunsuru da Gagare, da tafkunan da su kan bari a fadama bayan damina. Amma ruwa ko ƙarami ne yana da mazauna.

Wata bazara, ina saurayi, muka tafi su da kawuna. Na cusa hannu cikin homa, sai na damƙi ƙurungu. Shi kuwa kifin nan ƙaya uku gare shi, ɗaya a baya, biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto, ga dafi. Ya soke ni a tafin hannun dama. Kawu ya ce, "Yaro, shafa taɓo, gobe ka manta."

Ban manta ba. Kwana uku hannu ya kumbura kamar gora, ga shuka ta ƙarato, mahaifina kuwa ba shi da mai riƙe masa fartanya sai ni. Tilas aka kai ni asibiti.

Malamin asibiti ya ciro guntun ƙaya, ya yi mini allura. Ya ce taɓon nan shi ya ɓata miki. Da na wanke da sabulu, na tsoma hannu cikin ruwan zafi daidai wanda fata ke jurewa, da raɗaɗin ya sauka. Sa'an nan ya ce, "Samari, in ka fito tafki, jikinka kan yi ƙaiƙayi? Ka kan ga jini a fitsari?"

Na yi dariya, na ce ai kowane yaro a garinmu haka ya ke. Ya ce wannan ita ce tsargiya. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani, daga jikin dodon koɗi ta ke fitowa, ta huda fata, ta bi jini har mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira cikin 1851. In an ƙyale ta, har ƙoda ta kan lalata, alhali ga maganinta, ƙwayar praziquantel.

Hannu ya warke kafin noman farko. Ashe ƙayar da ta sa ni kuka ita ta cece ni daga ƙaiƙayin da na ke wa dariya. Jama'a, ɗan hakin da ka rena shi kan tsone maka ido. Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa, kada ya ce girma ne, ya kai shi asibiti. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.